Ina Nesa, 'Ya'yana Suna Zariya: Tambayoyi da Amsoshi kan Riƙo da Ziyarar Yara Bayan Rabuwar Aure

Zariya gari ne da ake zuwa a kuma tashi. Soja ya gama makarantar kurata a tura shi Maiduguri, malamin jami'a ya tafi ƙaro karatu Malesiya, ɗan kasuwa ya tare a Legas, ma'aikaciyar jinya a yi mata canjin wurin aiki zuwa Abuja. Idan aure ya mutu ana cikin haka, sai ka tarar yara suna Tudun Wada ko Gyallesu, ɗaya daga cikin iyayensu kuma yana can inda sai an wuni a mota kafin a kai. Tambayoyin nan su ne waɗanda iyayen da ke nesa suka fi yi. Yawancin amsoshin sun shafi auren Musulunci, domin da fiƙihun Malikiyya kotunan Shari'a na Jihar Kaduna suke hukunci. Masu auren rajista ma akwai tasu amsar can gaba.

Na saki matata, tana gidansu da yarana biyu, ni kuma ina aiki a Legas. Ba ni ne uba ba? Me zai hana in je in kwashe abina?

Kai ne uba, Malam, kuma babu kotun da za ta cire maka wannan. Sunanka suke amsawa, kai ne waliyyinsu, ci da sha da sutura da magani duk a wuyanka suke. Amma riƙo, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙi ne daban, kuma uwa ce ta farko a cikinsa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan cikin Birni tun kaka da kakanni, ta faɗe shi a fili: bayan saki, riƙo na uwa ne har ɗa namiji ya balaga, mace kuma har a yi mata aure ta tare a ɗakin mijinta.

Abin da muka saba gani, wato da an yaye yaro sai goggonsa ta zo da zane ta goya shi ta tafi, al'ada ce. Maganar shekara bakwai da ake yawan kawowa ita ma ta wasu mazhabobi ce, ba ita alƙalin Zariya zai buɗe littafi ya karanta maka ba. Mata da yawa suna barin yara ne saboda kunya, ko saboda iyayensu sun ce ba za su riƙe ɗan wani ba, shi ya sa maza suke zaton shari'a ce ta ba su.

Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya wadda ta haifa masa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya ɗauke shi ya ɗora a kan abin hawansa. Kakar yaron ta riske shi, suka ja har gaban Halifa Abubakar, shi kuma ya ce wa Umar ya bar mata yaron. Umar bai mayar da magana ba.

Saboda haka kada ka ce za ka kai su yawon Sallah ka zarce da su tasha. Ɗauke yaro daga hannun mai riƙonsa na halal yana iya zama laifi a dokar jiha, kuma ranar da ka tsaya gaban alƙali shi ne abu na farko da za a faɗa a kanka.

To tunda riƙon ba nawa ba ne, mene ne nawa?

Muhtasar na Shehu Halil ya ba uba abu uku ko da yaro yana hannun uwa: bibiyar halin da yake ciki, tarbiyyarsa, da tura shi makaranta. Kana da ta cewa a kan wace makaranta za a sa shi, wace Islamiyya, wane asibiti za a kai shi, kuma ba a hana ka ganinsa. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 233, kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Ayar ta kare ku duka biyu.

Sai dai littattafan sun ce yaro ya je wurin ubansa da rana, kwana kuma wurin uwarsa. Wannan ya dace da mutumin da ke Ƙofar Doka, tsohuwar matarsa tana Babban Dodo. Wanda ke Fatakwal ba zai zo da safe ya koma da yamma ba. Don haka abin da uban nesa yake nema a gaskiya shi ne kwanakin hutu, a ba shi yara su kwana biyu a gidansa, kuma wannan yana samuwa ne ta sulhu ko ta hanyar gamsar da alƙali cewa akwai maslahar yaron a ciki.

Na ji an ce idan uba ya yi ƙaura mai nisa yana da ikon tafiya da ɗansa. Gaskiya ne?

Akwai wannan a fiƙihun Malikiyya, kuma ita ce mas'alar da ta fi shafar masu karanta wannan shafi. Idan waliyyin yaro zai ƙaura zuwa garin da nisansa ya kai baridi shida, yana iya karɓar yaron ya tafi da shi. Baridi ɗaya mil 12 ne na da, shida kenan mil 72, kimanin kilomita 130 a lissafin yau. Daga Zariya zuwa Kaduna, wajen kilomita 80, bai kai ba. Abuja, Legas, Maiduguri da Sakkwato duk sun wuce.

Amma masu kawo wannan hukunci sukan karanta rabi su rufe littafin. Dole tafiyar ta zama ƙaura ta zama dindindin, ba fatauci ba, ba ziyara ba, kuma ana rantsar da uban a kan haka. Dole garin da za a je ya zama amintacce, hanyar ma ta zama amintacciya. Namiji ba ya karɓar riƙo sai yana da macen da za ta kula da yaron a gidan, mata ko uwa ko 'yar'uwa. Sannan idan uwar ta ce za ta bi ɗanta ta zauna a garin, riƙonta yana nan daram.

Ma'aikacin da za a iya ɗaga shi gobe a mayar wata jiha zai sha tambaya kafin alƙali ya yarda cewa ƙaura ya yi. Wanda ke kwana a ɗaki ɗaya da abokan aiki uku a Agege, ya fita kafin asuba ya dawo bayan isha'i, ya tambayi kansa tun kafin alƙali ya tambaye shi: wa zai yi wa yarinyar kitso, wa zai lura ta dawo daga makaranta? Dokar kare yara ta Jihar Kaduna ta 2018, kamar dokar tarayya ta 2003, ta sa maslahar yaro a gaba da komai, kuma malaman fiƙihu ma ba su gina hadana a kan wani abu ba sai ita.

A ganina, wanda ya ɗauko wannan mas'ala don ya rama abin da aka yi masa ya zalunci ɗansa ko da ya yi nasara. An yi ta ne don kada waliyyi ya rasa ikon kula da yaro, ba don a cire ɗan shekara huɗu daga jikin uwarsa a kai shi inda ba ya jin yaren kowa ba.

Ita ce ta kwashe yaran daga Zariya ta koma wani gari ba da izinina ba.

Hukuncin nan yana aiki ta ɓangare biyu. Idan mai riƙo ta yi ƙaura ta zama zuwa nisan baridi shida daga inda waliyyi yake, yana iya neman a karɓi yaran. Idan ziyarar 'yan'uwa ta je, ko jinya, ko biki, babu abin da ya faɗi. Ka fara bincika wanne ne daga ciki kafin ka ɗaga murya, kuma ka yi magana da wuri. Yaran da suka shekara biyu a sabon gari, suka saba da makaranta da abokai, da wuya a tumɓuke su.

Ta yi wani auren. Yanzu dai yaran sun dawo hannuna ko?

Ba kai tsaye ba. Hadisin da Abu Dawud ya ruwaito ya ce wa uwa ita ta fi cancanta da ɗanta matuƙar ba ta yi aure ba, don haka idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, haƙƙinta ya faɗi. Amma ba kanka yake faɗowa ba. Yana komawa ga kakar yaron ta wajen uwa, sai uwar kakar, sai innarsa, wato ya ko ƙanwar mahaifiyarsa, sai innar mahaifiyar, sannan kakarsa ta wajen uba, sannan kai. Goggo ma a bayanka take. Akwai sharaɗi a kan kakar wajen uwa: kada ta zama gida ɗaya take zaune da 'yarta da ta yi auren.

Ga abin da ke cin mutanen nesa. Idan wanda riƙon zai koma hannunsa ya san an yi auren, ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba, malamai sun ce ya yarda, uwar ta ci gaba da riƙonta. Mutum yana can yana cewa bari in zo hutun ƙarshen shekara mu yi maganar, shekara ta zagayo. Idan kana da damuwa a kan zaman ɗanka agola a gidan wani, ka aika wakili ya faɗa a gaban shaidu, ko ka shigar da ƙara, kada ka bar ta a zuci.

Idan kuma mijin da ta aura ƙaninka ne ko yayanka, wato baffan yaran, riƙonta bai faɗi ba.

Ba kowane mijin uwa ne mugu ba, kuma ba kowace matar uba ce za ta riƙe amana ba. Ka je ka ga gidan da idonka kafin ka yanke shawara.

Ni uwa ce. Yarana uku suna gidan ubansu a Samaru, ni ina aure a Abuja. Idan na zo sai a ce sun tafi Islamiyya. Ina da wata mafita?

Kina da ita, 'yar'uwa. Faɗuwar riƙo ba ta nufin kin daina zama uwa. Ganin 'ya'yanki haƙƙinki ne kuma haƙƙinsu ne, hana shi yanke zumunci ne. Tirmizi ya ruwaito cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar alƙiyama. Ki fara da waliyyinki, ya je ya sami uban ko yayansa. Idan shiga gidan tsohon miji zai kawo magana a gidan aurenki, a kawo miki yaran gidan iyayenki, wannan shi ne abin da aka fi daidaitawa a kai.

Ki kuma duba yadda yaran suka koma hannunsa tun farko. Idan hul'i kika yi aka rubuta cewa kin bar masa riƙo a matsayin fansa, Malikiyya sun halatta hakan muddin babu cutarwa ga yaro, amma ziyara ba ta cikin abin da kika bari. Idan kuwa ƙwace su aka yi tun kina zawarci, kuma mahaifiyarki tana da rai da lafiya a Zariya, ita tana iya neman riƙon jikokinta a kotu, domin tana gaban ubansu a jeri.

Ba riƙo nake nema ba. Ziyarar ce ta yi mini kaɗan. Yaya zan tsara roƙona?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi, domin yawancin iyayen nesa abin da suke buƙata kenan, kuma shi ne abin da ya fi sauƙin samu.

Kada ka ce "a riƙa bari ina ganinsu". Magana ce da ba ta ɗaure kowa, kowane zuwa sai an sake roƙo. Ka zo da jadawali a rubuce, wanda ya bi kalandar makaranta. Shekarar karatu zango uku ce. Dogon hutu yana kamawa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, akwai na Disamba, akwai na wajen Afrilu. Ka nemi, misali, mako uku a dogon hutu da mako guda a ɗaya daga cikin gajerun. A raba Sallah: ƙarama a nan, babba a can, baɗi a juya. Yaron da ya saba a kai shi kallon hawa a ƙofar fadar Zazzau ba zai so a raba shi da ita kowace shekara ba, ka sa wannan a lissafi. A rubuta cewa duk lokacin da ka shigo gari, in ka sanar kwana uku kafin nan, za a ba ka su daga hantsi zuwa la'asar sakaliya.

A rubuta wanda zai zo ɗauka da wanda zai mayar, a wane gida, da wane lokaci. A rubuta wanda zai biya kuɗin mota. A rubuta ranakun waya. A rubuta cewa za a riƙa turo maka sakamakon jarrabawa, kuma za a kira ka idan an kwantar da yaro a asibiti. A rubuta abin da za a yi idan hutu ya faɗa lokacin rashin lafiya, wato a rama a na gaba.

Shekarun yaro su ne ma'auni. Mai shan nono ba ya tafiya ko'ina, kai za ka zo. Ɗan shekara uku zuwa biyar da bai san ka sosai ba, a fara da wuni a gidan mahaifiyarka a nan Zariya, sannan kwana ɗaya, sannan a yi maganar tafiya. Mutumin da ya shekara biyu bai leƙo ba ya zo yana neman wata guda a Legas, ko ni aka tambaya ba zan goyi bayansa ba. Ka nemi kaɗan, ka cika shi ba fashi, bayan shekara ka dawo ka nemi ƙari da hujjar cewa ka cika.

Sulhu ya fi ko kotu?

Sulhu, in dai zai yiwu. Ka tura wanda suke jin nauyinsa: baffanka, limamin unguwarsu, mai unguwa, ko wanda ya karɓa maka auren tun farko. Ka yi gaisuwa irin ta surukai, domin tsohon surukinka kakan 'ya'yanka ne har abada. Sau da yawa tsohon shi ne mai hana ziyarar, ba uwar ba, kuma abin da yake jira shi ne a zo a zauna a zaurensa a ba shi girmansa. Ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma, ta Zariya ko ta Sabon Gari, shi ma yana zaunar da iyaye a kan irin wannan.

Idan an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu, sannan a kai kotu alƙali ya tabbatar da shi a matsayin hukunci. Yarjejeniyar baki tana mutuwa ranar da dattijon da ya haɗa ta ya rasu.

Idan sulhu ya ƙi, wace kotu zan je, kuma dole sai na zo kowane zama?

Kotun Shari'a ta yankin da wanda kake ƙara yake zaune. Tun 2001, zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, Jihar Kaduna take da kotunan Shari'a, kuma akwai su a cikin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari. Za ka je wurin rajistara ka faɗi da'awarka, ka biya kuɗin shigar da ƙara, ka karɓi rasit, a kai sammaci. Ka ba da kwatancen gida sosai, domin sammacin da bai isa hannu ba shi ne ke cinye wa mai zuwa daga nesa kuɗin mota a banza.

Kana iya naɗa wakili ko ka ɗauki lauya ya tsaya maka. Duk da haka ka yi ƙoƙari ka halarci zaman farko, da ranar da za ka yi bayani, da duk ranar da za a nemi rantsuwa, don ba a rantsuwa a madadin wani. Ka shaida wa alƙali tun farko inda kake zaune, ka roƙi a riƙa sa ranar da za ka iya zuwa. Kafin hukunci akwai i'izari, inda alƙali zai tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. Kada ka ce babu alhali akwai abin da ka bari a jaka.

Wace hujja zan tara?

Ƙa'idar ita ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Ka ajiye shaidar duk kuɗin da ka tura ta banki, ka riƙa rubuta dalili a jikin turawar: kuɗin makaranta, kuɗin magani, kayan Sallah. Kuɗin da ka ba direba ya miƙa ba ya barin sawu. Ka ajiye rasit ɗin makaranta, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, takardar saki, da saƙonnin da ka nemi ziyara aka ƙi. Ka samu mutum biyu adilai da suka raka ka aka hana ka shiga, su ne za su yi maka amfani fiye da dogon bayani.

Idan kana zargin ba a kula da yaran, ka kawo abin da ake gani: katin asibiti, rajistar makaranta da ta nuna fashi, maƙwabcin da ya ga yarinya tana talla har dare. Kada ka jefi uwar 'ya'yanka da zargin lalata ba tare da shaida ba. Ƙazafi ne, yana da hukunci, kuma yaran za su girma su ji.

Tunda an hana ni ganinsu, in daina tura kuɗin ciyarwa?

A'a. Ciyarwa haƙƙin yaran ce, ba kuɗin shiga ba ne. Ka daina, su ji yunwa, kai kuma ka rasa mafi ƙarfin hujjarka. Haka uwa ba ta da ikon hana ziyara don an yi jinkirin turo kuɗi. Ta kai ƙarar ciyarwa daban.

Waya fa? Kullum sai a ce suna barci.

Ka tsayar da lokaci wanda ya dace da rayuwarsu, ba da taka ba. Yaron Zariya yana boko da safe, Islamiyya da la'asar, wani ma yana da ta dare. Alhamis da Juma'a da yamma, da ba a zuwa allo, sun fi sauƙi. Idan kiran wayar uwar ne ke kawo rigima da sabon mijinta, ka sayi ƙaramar waya ka ajiye wurin kakarsu, ka riƙa sa mata kati.

Kuma ka san abin da za ka ce. Uba ya kira ya ce "Kana lafiya? Kana karatu? To ba ni yayarka", minti ɗaya an gama, yaro ya miƙa waya ya ruga. Ka san sunan malaminsa, ka san surar da yake, ka ce ya biya maka ka ji, in ya tsaya ka ɗora masa. Ka tambaye shi akuyar kaka ta haihu ko tukuna. Yarinya ta nuna maka littafinta ta bidiyo a WhatsApp, ka ce ta juya shafin baya ka ga wanda malama ta yi wa jan biro. Kada ka mayar da yaro ɗan leƙen asiri, wa ya zo gidan, me Mama ta saya. Yana ganewa, kuma daga ranar zai fara gudun wayar.

Yaron da kansa ya ce ba ya son zuwa.

Yana faruwa, kuma ba kullum zuga ba ce. Wani baƙunta ce, wani yana tsoron matar uba, wani yana jin in ya nuna murna ya ci amanar uwarsa. Kada ka ja shi yana kuka zuwa mota. Ka zo ka wuni da shi a gari, ka kai shi aski, ku yi sallar Juma'a tare, ka mayar da shi a kan lokaci. Alƙali yana iya jin ta bakin yaro mai wayo, amma a Malikiyya ba a ɗora wa yaro zaɓi tsakanin iyayensa.

Uwarsu ta ce hanya ba tsaro, ba za ta bari a yi tafiya da su ba.

Ba za a ce ba ta da hujja ba. Kowa ya san abin da hanyar Kaduna zuwa Abuja ta gani, jirgin ƙasa ma an kai masa hari a watan Maris na 2022, kuma amincin hanya sharaɗi ne a fiƙihu. Ka amsa mata da tsari: tafiyar safe kawai, kai da kanka ko wani muharrami da ta sani, ba a damƙa yara hannun direba a Kwangila a ce wani zai tare su ba. Idan Abuja ne, mota zuwa tashar Rigasa a Kaduna sannan jirgin ƙasa zuwa Kubwa ko Idu. Idan lokacin ya yi tsanani, kai ka zo ka yi hutun a nan. Kuɗin tafiya kuwa, ka ɗauka a kanka yake.

Ina ƙasar waje. Ko kuma yaran ne aka fita da su.

Idan kai ne a waje yaran suna Zariya, kotun nan ce mai hurumi, ka naɗa wakili da takarda. Hukuncin da ka samo a kotun wata ƙasa ba ya zartar da kansa a nan. Yin fasfo ga yaro yana buƙatar takardar amincewar iyaye, don haka a sa maganar fasfo da wanda zai ajiye shi a cikin yarjejeniya.

Idan yaran ne a waje, dokar can ce za ta yi aiki. A Amurka, kotun jihar da yaro ya zauna wata shida na ƙarshe ita ce yawanci mai hurumi. A Ingila dokar yara ta 1989 ake bi, kuma kafin a shigar da ƙara ana neman mutum ya fara halartar zaman bayani kan sulhu. Nijeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1980 kan mayar da yaran da aka tsallaka da su, saboda haka dawo da yaro bayan an fita da shi aiki ne mai wuya da tsada. Idan kana da dalilin tsoron za a fita da su, ka nemi umarnin kotu tun suna nan.

Mu Kiristoci ne a Wusasa, auren rajista muka yi.

Taku tana Babbar Kotun Jiha, wadda ke zama a Zariya, ƙarƙashin dokar al'amuran aure ta 1970. Sashe na 71 ya ce maslahar yara ita ce a kan gaba, babu jerin dangi irin na hadana, kuma kotu tana iya ba ɗaya riƙo ta ba ɗayan ziyara. Idan auren gargajiya ne kawai, kotun gargajiya ce. Duk abin da aka faɗa a sama game da jadawali da hujja ya shafe ku.

Ba ni da kuɗin lauya.

Kotun Shari'a ba ta sharɗanta lauya ba, mutane suna tsayawa da bakinsu kullum, da Hausa. Idan kana son shawara, Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke harabar Kongo a Zariya tana da ofishin taimakon shari'a kyauta da ɗalibai ke gudanarwa ƙarƙashin malamansu. A Kaduna akwai ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta ƙasa, da na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda ta saba da ƙarar riƙo da ciyarwa.

An yanke hukunci amma ba a bi. Ko kuma ban gamsu da shi ba.

Idan ba a bi ba, ka koma kotun da ta yanke, da kwafin hukuncin a hannunka da ranakun da aka saɓa. Ita ce mai ikon kiran wanda ya ƙi bi ta tilasta shi. Ofishin 'yan sanda ba wurin raba riƙo ba ne, kuma zuwa ƙofar gidan surukai da motar 'yan sanda abu ne da yaro ba ya mantawa.

Idan ba ka gamsu ba, akwai ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun Shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Kaduna, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumi a kan aure da waliccin yara, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, har Kotun Ƙoli. Wa'adin gajere ne, yawanci kwana 30, don haka ka nemi kwafin shari'ar a wurin rajistara tun ranar hukunci, kafin ka hau mota ka koma. Hukuncin ziyara kuma ana iya sake duba shi idan hali ya canja: an dawo da kai aiki Kaduna, yaro ya shiga makarantar kwana, ko kakar da ke riƙonsu ta tsufa ba ta iyawa. A irin wannan sabuwar buƙata za ka shigar a kotun farko, ka je da takardar canjin wurin aikin ko ta makarantar.